Ténéré: Baburin da Ya Ari Sunan Hamada

Hausawa na cewa suna linzami ne. Inda aka ja shi, can mai shi ke bi. To amma akwai sunan da ya tsinke akala ya yi gaba, ya bar mai shi a inda yake. Idan a yau aka ambaci kalmar Ténéré a wata kasuwar babura ta Italiya ko Jamus ko Ostareliya, abin da zai zo wa yawancin masu saurare a rai shi ne wani dogon babur mai babban tanki, ƙirar kamfanin Yamaha na ƙasar Japan. Kaɗan ne daga cikinsu za su iya ɗora yatsa a kan taswira su nuna cewa Tenere wuri ne a arewa maso gabashin Nijar, mai rijiyoyinsa da hanyoyinsa da mutanen da ke ratsa shi tun kafin a san inji. Tarihin wannan babur ya cancanci a bi shi daki-daki, domin duk wani sauyi na kirki da aka yi wa ƙirarsa, hamadar ce ta tilasta shi.

A harshen Tamajak, tenere na nufin daji fayau, inda babu gari, babu inuwa, babu kowa. Filin da ke ɗauke da wannan suna ya kai murabba'in kilomita 400,000, daga duwatsun Abzin a yamma zuwa tsaunin Kawar da Balma a gabas. Shekaru aru-aru ayarin gishiri ke ƙetare shi da kaka, daga Abzin zuwa Fashi da Balma, ɗauke da hatsi a tafiya, da kantun gishiri da dabino a dawowa, kafin a gangaro da su kudu zuwa kasuwannin Damargu da ƙasar Hausa. Madugun ayari ya san abu uku da babu wasa a cikinsu. Na farko, ruwan da ke cikin salka shi ne ma'aunin nisan da za a iya ci. Na biyu, duk kayan da ba dole ba nauyi ne da zai karya raƙumi, shi ya sa hatta harawar dabbobi akan ajiye wani kaso nata a hanya don a tarar da shi a dawowa. Na uku, abin da ya lalace a tsakiyar rairayi, da hannun mai shi za a gyara shi, domin babu maƙeri a kusa. Mai karatu ya riƙe waɗannan ukun, zai sake haɗuwa da su cikin ƙarfe da roba.

Kakan wannan zuri'a ta babura shi ne Yamaha XT500, wanda aka nuna wa dillalai a Amurka a ƙarshen 1975, aka fara sayar da shi a 1976. Ba don Sahara aka ƙera shi ba. Masu ƙirar sun yi tunanin Amurkawa masu yawon shaƙatawa a dazuzzukansu. Injinsa silinda ɗaya ne mai girman cc 499, iska ce ke sanyaya shi, ba ya buƙatar ruwa. Man injin kuwa a cikin bututun ƙarfen gangar jikinsa ake zuba shi, abin da ya sa ƙasan injin ya ɗaga, bai cika karo da dutse ba. Da ƙafa ake tayar da shi, kuma wanda bai iya ba sandar tayarwar kan mayar masa da martani a ƙwauri. Nauyinsa kimanin kilo 150 ne, mutum ɗaya na iya tayar da shi in ya faɗi. Aibinsa guda: tankinsa bai kai lita 9 ba.

Faransawa ne suka gane abin da wannan babur zai iya a Afirka. Kamfanin Sonauto, wanda ke shigo da baburan Yamaha cikin Faransa, yana da wani jagora mai suna Jean-Claude Olivier, mutum mai son tsere da kansa, shi ya tura XT500 cikin tseren Abijan zuwa Nis. A cikin wannan tsere ne, a 1977, wani matashi mai suna Thierry Sabine ya ɓata a kan baburinsa a hamadar da ke kan iyakar Nijar da Libiya, ya yi kwanaki cikin ƙishirwa kafin jirgin sama ya hango shi. Maimakon tsoro ya hana shi komowa, sai ya koma gida da ƙudurin jawo wasu su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Paris, suka bi ta Aljeriya da Tamanraset, suka shigo Nijar, suka yada zango a Agadas da Yamai, sa'an nan suka wuce Gawo da Bamako. Ranar 14 ga Janairu 1979, guda 74 ne kawai suka isa Dakar bayan tafiyar kusan kilomita 10,000. Wanda ya zo na farko, Cyril Neveu, a kan XT500 yake, haka ma na biyunsa, Gilles Comte. A 1980 Neveu ya sake cinyewa a kan irin wannan babur.

Sai dai baburan da suka isa Dakar ba su yi kama da waɗanda ke shago ba. Mahaya sun yanke ƙananan tankunan sun yi musu walda da manya, sun ƙarfafa ƙafafu, sun ƙara wa kujera soso, sun ɗaura gorar ruwa da kayan gyara. Kowane ɗayansu ya gano da kansa, a cikin wahala, abin da madugu ya gada daga kakanninsa: guzurin da ke jikinka shi ne iyakar tafiyarka. Olivier ya kai wannan darasi ga masu ƙira a Japan, ya nace cewa Turawa za su sayi babur da aka ƙera tun daga masana'anta a kan wannan siffa. A baje kolin babura na Paris, da kakar 1982, aka yaye mayafin XT600Z, kuma a jikin tankinsa an rubuta Ténéré.

Kamar haɗin baki, a watan Janairun 1983 ne tseren Paris-Dakar ya ratsa Tenere karo na farko. Guguwar rairayi ta taso ta rufe gabas da yamma, mahaya da direbobi wajen 40 suka ɓata, Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su duka da rai. Jaridu da talabijin na Turai suka yi ta maimaita sunan wurin, a daidai shekarar da baburin ya shiga kasuwa. Ba a taɓa yi wa haja talla mai arha irin wannan ba.

Baburin na 1983 ya cika alkawarin sunansa. Injinsa cc 595 ne, silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, da ƙafa ake tayar da shi kamar kakansa. An ba shi birkin faifai a gaba, da dogayen ƙafafu masu shanye gargada. Abin da ya bambanta shi da kowa kuwa shi ne tanki mai cin lita 30, wanda a hanya mai kyau zai kai mutum kusan kilomita 500 bai nemi gidan mai ba. Da wannan tanki aka buɗe wani sabon babi na tafiye-tafiye. Kafin lokacin, baburin doguwar tafiya a idon Bature shi ne ƙato mai nauyi wanda ba ya sauka daga kwalta. Yanzu malamin makaranta ko ma'aikacin gidan waya na iya ɗaure jaka biyu da tanti, ya hau jirgin ruwa daga Marsai zuwa Aljeriya, ya nufo kudu shi kaɗai. Da yawa sun yi hakan a shekarun 1980, kuma dattawan Arlit da Agadas suna tune da su: jajayen mutane masu ƙura har cikin kunne, suna tambayar inda ake sayar da mai da inda ake faci. A cikin shekara goma an sayar da fiye da 60,000 na wannan babur a Turai, kusan kashi ɗaya cikin uku a Faransa.

Daga nan kasuwa ta fara jan ƙirar zuwa wajen da kuɗi yake. Mafi yawan masu sayen Ténéré ba su taɓa taka rairayi ba, kuma ba su da niyya. Siffar suke so, da labarin da ke tattare da ita. A 1986 aka ƙara masa maɓallin tayarwa na lantarki, aka rage tankin zuwa lita 23. A 1988 aka yi masa garkuwar iska da fitilu biyu a gaba, don jin daɗin mai gudu a babbar hanya. A 1989 aka fito da XTZ750 Super Ténéré, mai silinda biyu, cc 749, wanda ruwa ke sanyaya shi. A 1991 mai silinda ɗayan ma ya koma mai ruwa, da sunan XTZ660. Kowane ƙari yana da hujjarsa, amma kowane ƙari kuma wani abu ne da zai iya lalacewa a inda babu mai gyara.

Gasa ma ta taimaka wajen wannan girma. Kamfanin BMW na Jamus ya ci tseren a 1981 da 1983 da Hubert Auriol, sa'an nan a 1984 da 1985 da Gaston Rahier, duk a kan babura masu silinda biyu da suka fi gudu a shimfiɗaɗɗen filin Tenere, inda ake sakin wuta sa'o'i ba tare da an taɓa birki ba. Honda ta karɓa daga 1986 zuwa 1989. Olivier da kansa ya zo na biyu a 1985, amma Yamaha ba ta sake ɗanɗana nasara ba sai da ta yarda ta yi nata mai silinda biyu. A kan baburan tsere da aka gina bisa Super Ténéré, Stéphane Peterhansel ya ci sau shida, a 1991, 1992, 1993, 1995, 1997 da 1998, Edi Orioli kuma ya ci na 1996. Na 1997 ya tashi ne daga Dakar ya zo Agadas ya koma Dakar. In aka haɗa da biyun farko na Neveu, nasarori tara ke nan.

Ƙarshen wannan hanya ta ƙiba shi ne XT1200Z Super Ténéré na 2010: cc 1,199, sandar ƙarfe a maimakon sarƙa, kwamfuta mai lura da birki da santsin taya, nauyi kuwa kilo 260. Babur ne nagari, mai juriya, wanda zai ɗauki mutum biyu da akwatunansu daga wannan ƙarshen Turai zuwa wancan ba tare da ciwon baya ba. Amma duk wanda ya taɓa ganin jigawar Tenere ya san cewa kilo 260 da suka nutse a rairayi da tsakar rana ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sunan yana nan a jikin tanki, darasin madugu na biyu kuwa an manta da shi.

Abin sha'awa, masu saye ne suka dawo da kamfanin kan hanya. Bayan an gwada XT660Z a 2008, sai a 2019 aka fito da Ténéré 700: silinda biyu, cc 689, tanki mai lita 16, nauyi kilo 205 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma da gangan aka rage masa na'urorin lantarki a lokacin da abokan gasa ke ƙara nasu. Mahaya suka yi rububinsa, suna yabon sauƙinsa da rashin rigimarsa. A 2022 aka ƙara wani samfuri mai tankuna biyu masu cin lita 23, ga masu nisan zango. Shekara 40 bayan nasarar Neveu, an koma ga abu ukun nan: isasshen guzuri, ƙarancin nauyi, da injin da bakanike zai iya fahimta. Waɗanda ake sayarwa a Turai kuwa a garin Saint-Quentin na Faransa aka riƙa harhaɗa su, a masana'antar da ta gaji Motobécane, kamfanin da ya yi ƴar Mobylette ɗin nan da malaman makaranta da akawuna na Maraɗi da Damagaram suka hau a zamanin da.

Wannan shi ne abin da baburin ya samu daga hamada. Abin da hamada ta samu daga baburin da tserensa ya fi wuyar lissafi. Babu mai musun cewa Agadas ta ci moriya a shekarun 1980. Kwanakin da tseren ke yada zango, masu masauki da masu sayar da mai da maƙeran azurfa da direbobi kan sami abin da ba su samu a watanni. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki da Sabine, kuma kamfaninsa na yawon buɗe ido ya sama wa jagorori Abzinawa da yawa sana'a. Shi kansa Sabine, bayan ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali ranar 14 ga Janairu 1986, a gindin wata bishiya tilo da ke cikin Tenere aka watsa tokarsa. Ba mutumin da ya raina wurin ba ne. Amma kuma tseren ya wuce ta ƙauyuka da gudun da ba a saba gani ba, ya kashe mutanen da ba su sa hannu a kan kowace takarda ba. A 2006 kaɗai yara biyu suka mutu a ƙarƙashin motocinsa, ɗaya a Gine, ɗaya a Sanigal. Jagororin da suka nuna hanya ba safai ake rubuta sunansu a jerin jarumai ba. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga baya ma hanyar ta toshe. Tawayen arewa na farko, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Afrilun 1995, ya kori baƙi na shekaru. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin jerin kayan gadon duniya, a 1992 kuma ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. A shekarar 2000, da tseren ya iso Yamai, sai aka loda shi kacokan a manyan jiragen sama aka tsallake da shi zuwa Libiya saboda barazanar hari, bai taka Tenere ba. A 2008 aka soke shi gaba ɗaya bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya. A 2009 ya koma Ajantina da Cile, a 2020 ya koma Saudiyya, yana riƙe da sunan Dakar ko da yake ba ya zuwa Dakar. Sunaye biyu na Afirka ta Yamma suka ci gaba da yawo a duniya babu wuraren da suka haife su. Ba su kaɗai ba ne: kamfanin Aprilia na Italiya na da babur mai suna Tuareg, Volkswagen kuma ta fito da motarta Touareg a 2002.

A can ƙasar da aka ari sunanta, babur ya bi wani tarihi nasa dabam. A titunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, abin da ya cika gari shi ne ƙananan babura na Sin da Indiya, masu cc 100 zuwa 150, waɗanda ƴan kabu-kabu ke neman abinci da su. Su ne ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare, su ne ke ɗaukar buhun gero da akuya da mutum uku a lokaci guda, su ne ke kai malami ƙauyen da mota ba ta zuwa. Kuɗin Ténéré 700 guda ɗaya zai sayi irinsu fiye da goma. Duk da haka, wanda ya zauna a rumfar bakanike a bakin tasha, ya ga yadda ake kwance injin a kan kwali a mayar da shi kafin la'asar, zai gane cewa waɗannan ƙananan babura sun fi kusa da XT500 a ruhi fiye da wasu jikokinsa na jini: silinda ɗaya, iska ke sanyaya su, da ƙafa ake tayar da su in batir ya mutu. Kuma shi wannan babur na talaka ya sha nasa takunkumi, domin masu ɗauke da makamai sun mayar da shi dokin yaƙi: an hana hawansa a jihar Difa a 2015, haka ma a sassa da yawa na jihar Tilaberi a farkon 2020. A daidai lokacin da matafiyin Turai ke sayen sabon Ténéré don ya ji daɗin sakewa, manomin Tilaberi na tafiya kasuwa a ƙasa.

Babu wata kotu da za ta karɓi ƙarar hamada a kan sunanta, kuma ba ƙara ce ta dace ba. Kamfanin bai ɓata sunan ba. Ya ɗora shi a kan abin hawa mai aminci, ya kai shi kunnen miliyoyin mutanen da da ba za su taɓa jin sa ba. Abin tsoron yana gida. Yaron da ke aji a Tasawa ko Madawa, idan ya rubuta wannan kalma a wayarsa, hotunan babura ne za su fara cika masa ido kafin ya ga raƙumi ɗaya. Idan ba a gaya masa ba, zai iya girma yana zaton wurin ne ya ari sunan baburin. Bishiyar Tenere ta asali, wadda ayari suka yi zamani suna auna hanya da ita, wata babbar mota ce ta kaɓe ta a 1973, aka kwaso gangarta zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ɗalibai nawa ne aka kai su suka tsaya a gabanta, aka bayyana musu abin da take nufi ga mutumin da ruwansa ya kusa ƙarewa?

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu yake. Labarin wannan babur darasi ne da ya haɗa labarin ƙasa da tarihi da kimiyyar inji da nazarin harshe, kuma yara maza da mata za su saurare shi da kunnen da ba su ba wa littafi. Ana iya farawa daga tanki mai lita 30 a ƙare a salkar madugu. Tsofaffin madugai da jagororin da suka yi wa tseren ja-gora a shekarun 1980 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a Agadas da Timiya da Balma, kuma abin da suka sani na taurari da iska da launin rairayi kaɗan ne aka rubuta da Tamajak ko Hausa ko Barbarci. Masu ƙira a Japan sun yi shekara 40 suna kai da komowa kafin su tabbatar da abin da waɗannan dattawa za su faɗa a zama ɗaya. Ya kamata a je a zauna da su, da alƙalami da na'urar ɗaukar murya, tun suna da ƙarfin magana.